Baƙo a Makabartar Mutanen Da

Ruwan da aka kwana ana yi ya zaftare gefen wani tudu a bayan Rigasa, tudun da masana suka ce makabartar mutanen da ce tun kafin zuwan Musulunci. Da hantsi aka kira ofishin 'yan sanda: ƙasusuwa sun fito fili.

Sufeto Yusha'u Isma'il ya iso yana mita a ransa. Me ya haɗa ɗan sanda da gawar da ta shekara dubu?

Dakta Maimuna, mai binciken kayan tarihin da ke kula da wurin, ta tare shi a bakin wayar da aka kewaye tudun da ita.

"Yallaɓai, zo ka gani."

Ta durƙusa ta share laka daga wani dogon ƙashi. Ƙarfen asibiti ne manne a jikinsa, har da kusoshi.

"Innalillahi!" Sufeto ya ja da baya. "Mutanen da suna zuwa asibitin ƙashi?"

"Wannan ɗan zamaninmu ne. Kuma ramin da yake ciki, nan ya kamata a ce tukwanen da ake binne su da su suke. Babu ko ɗaya."

"Wa ke riƙe da makullin wayar nan?"

"Ni da Alhaji Sharhabil, shugaban kwamitin kare tudun. Shi ya yi ta zarya har aka killace wurin. Sau nawa na nemi izinin tono don bincike, shi ke hanawa."

Sufeto ya sa aka kwashe ƙasusuwan, ya kuma gargaɗe ta kada maganar ƙarfen ta fita.

A unguwar ya yi ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa ɓata. Aka nuna masa gidan Asabe mai ɗinki.

"Mijina Ɗanjuma ba ɓata ya yi ba," in ji ta. "Libiya ya tafi neman aiki. Yayansa ne ya raka shi tasha."

"Ya yi miki sallama?"

Ta sunkuyar da kai. "A'a. Yaya Alhaji ya ce motar ce ta zo da gaggawa."

"Wane Alhajin?"

"Sharhabil. Shi ke ciyar da mu tun lokacin, Allah ya saka masa."

Sufeto ya dube ta. "Mijinki ya taɓa karaya?"

"Babur ya taɓa kaɗe shi, aka sa masa ƙarfe a ƙafa. Lafiya, Yallaɓai?"

Sufeto ya miƙe ya yi mata sallama.

Ya sami Alhaji Sharhabil a falonsa da ke Unguwar Rimi, bango cike da lambobin yabo na kare kayan tarihi.

"Sufeto, a mayar da ƙasusuwan nan a rufe," in ji Alhaji. "Kakanninmu ne, suna da haƙƙi a kanmu."

"Yaushe rabonka da jin muryar ƙanenka?"

"Bara ma mun yi waya."

"Ba ni lambar."

"Wayar ta ɓata."

"Alhaji, mun sami ƙarfe tare da ƙasusuwan."

"To sai me? Ɗanjuma kaɗai ne mai ƙarfe a ƙafa a Kaduna?"

Sufeto ya zuba masa ido. "Na ce maka a ƙafa yake?"

Carbin hannun Alhaji ya suɓuce ya faɗi. Can sai ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa.

"Ni na fara haƙa tudun," ya ce da ƙyar. "Wasu baƙi ke sayen tukwanen. Ɗanjuma ya riske ni a cikin ramin, ya ce wallahi sai ya kai ƙara, wai ina sayar da matattu. Diga na hannuna. Sau ɗaya na buga masa, Sufeto, sau ɗaya!"

"Sannan ka nemi a kewaye wurin da waya."

"In ya zama wurin tarihi, babu mai sake sa fartanya a ciki."

Sufeto ya daɗe yana aikin nan, amma bai taɓa ganin irin wannan ba. Gwamnati da masana da jama'ar unguwa, duk gadin gawar ƙanen mutumin nan suka yi ta yi masa, suna kuma ba shi lambar yabo. Ya yi wa kofur ɗin da ya rako shi alama, aka buga wa Alhaji ankwa.

Suna isa ofis suka tarar da Asabe a bakin kantar ofishin, ta biyo sawu. Ta dubi ankwar, ta dubi fuskar yayan mijinta. Alhaji ya kawar da kai, aka wuce da shi ciki.

Ba ta yi kuka ba. Ta dafa kantar.

"Yallaɓai," ta ce a hankali, "kullum sai na ce wa yara babansu na hanya. Yanzu takaba zan fara?"