Tarin Da Ke Rufe Kalmar Sirri

Cajar wayata kawai na koma ɗaukowa a ofis, ana daf da magariba.

Ni ke kula da kwamfutocin wurin, kuma ba wanda ya koya mini. Tsohon da na gaji aikinsa, kalmar sirri biyu yake bugawa: ɗaya ta shiga kwamfuta, ɗaya ta buɗe makullin da ke sa hannu a kan saƙonni, shaidar cewa kai ka aiko. Duk sanda zai buga ta biyun sai ya hau tari kamar zai amayar da huhunsa.

"Baba, asibiti za ka, ba ofis ba," na ce masa a gaban kowa. Na kai ƙararsa, aka sallame shi.

Yana tattara kayansa ya ce a hankali, "Ɗana, ɗakin nan yana da kunne. Kalmar farkon an daɗe da jin ta."

Na ce ya gaida gida. Ranar na ƙirƙiri makullina, na ɗaure shi da kalmar shiga da ya bar mini. Bugu ɗaya, komai ya buɗe.

Magaribar da na koma ɗaukar cajar, da na tura ƙofar ɗakin injuna, sanyi ya mare ni. Fankoki na ta gurnani. Wani ƙauri, kamar gashi a wuta.

Ƙas. Ƙas. Ƙas.

Madannan kwamfutata ne ke nutsewa, ɗaya bayan ɗaya. Kujerata ta lotsa, ba kowa a kai.

Harafi tara, kalmar shigata. Har da ɗan jinkirin da nake yi kafin na ƙarshe.

Allon ya haska. Bai tambayi kalma ta biyu ba.

"Ka kyauta," aka raɗa, da muryata.

Kujerar ta fara juyowa.

Sai a lokacin na gane amfanin tarin: ƙarar madannai yake rufewa.

Ban san yadda na sauka bene ba. Takalmina ɗaya yana can.

Washegari kalmar sirrin ta ƙi ni. Manaja ya nuna mini takardar ajiye aikina, da sa hannun makullina. Na yi rantsuwa har muryata ta dushe. Ya ce, "Kai da bakinka ka ce makulli ba ya ƙarya."

Har yau saƙonni na fita da sunana. Matata ma tana samu, kullum da magariba. Na ce mata ba ni ba ne.

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Na sani," ta ce. "Shi ba ya zagi."