Ɗanyen Dankali a Tafkin Girki

Magariba ta rufa lokacin da Ngahuia ta zura kwandon dankalinta cikin tafkin girki, ta ɗaure igiyar a turke. Ruwan na tafasa da zafin ƙarƙashin ƙasa yadda ya saba, tururi na tashi da warin ruɓaɓɓen ƙwai. 'Yarta Pare na riƙe da gefen siket ɗinta.

Da iska ta yaye tururin, sai ga wata tsohuwa zaune a bakin tafkin, lulluɓe da bargo, kanta fari fat da toka.

"Haba Kaka!" in ji Ngahuia. "Nan muke dafa abinci fa. Tafkin wanka yana gangare."

"Wancan ya huce, jikata. Sanyi nake ji tun ranar da dutse ya yi aman wuta."

Sai sannan Ngahuia ta lura ƙafafun tsohuwar na cikin ruwan har gwiwa, tana kaɗa su a hankali.

"Mama," in ji Pare, "ai matar da ke cikin tsohon zanen ɗakinmu ce, wadda ke zaune gefen ramin hayaƙi."

Ƙauyen da ke cikin zanen nan toka ta binne shi tun ba a haifi kakar Ngahuia ba.

Kowa ya san dafaffen abinci ne ke korar fatalwa. Ngahuia ta fizgo igiyar, ta latsa dankalin. Ɗanye ne sharaf.

Tsohuwar ta miƙo hannu. "Taho, 'yar nan, ruwan da daɗi."

Ngahuia ta ji ɗan hannun Pare ya saki siket ɗinta.