Rabin Zuciya a Bargon Hindatu

"Alice, kin tafi kin bar min rabin aiki. Ga Mamanki nan tafe daga Durumi, an ce Hindatu ta zo ɗauka. To ki ji daga inda kike, ba zan bayar ba."

Haka Yamusa yake magana ƙasa-ƙasa a ƙofar ɗakinsa a Orozo, ƙyallaye baje a kan tabarma. Matarsa Alice ta rasu farkon damina, shekarar da aka gama yaƙi. Zazzaɓi ne ya ɗauke ta a bayan akori-kura tun ba su kai asibiti ba. Ta bar masa 'ya mai rarrafe, Hindatu, wadda yayarsa Azumi ke shayarwa tare da nata ɗan. Ta kuma bar bargon faci da ta koya a ajin matan mishan, gida-gida ake ɗinka shi, kowane gida ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu, sannan a haɗa. A gidan tsakiya akwai hoton zuciya. Rabinta an yanko daga jar atamfar marigayiya mahaifiyar Yamusa, ɗaya rabin kuwa wayam, sai farin shafi.

Kawu Audi, ƙanin mahaifiyarsa, ya shigo da fartanya a kafaɗa, ya leƙa.

"Doya na can tana jiran noma, kai kana nan kana zanen ganyen gwaza!"

"Zuciya ce, Kawu."

"Na yanka akuya ba iyaka, ban taɓa ganin zuciya mai wannan fasali ba. Ji nan, ɗana. In matar nan ta zo, miƙa mata jikarta a rabu lafiya. Bayan girbi mu nemo maka wata."

"Kawu, ka ce in sha wuta, zan sha. Wannan kam a'a!"

Bai rufe baki ba sai ga Mama Hannah, mahaifiyar Alice, da ƙwaryar kaya a kafaɗa. Tun ranar da 'yarta ta zaɓi yaron da ya tsaya a aji uku, wanda kuma ba ya zuwa coci, ba ta taka gidan nan ba. Ko ran jana'iza a gindin ɗorawa ta tsaya. Yamusa ya durƙusa har ƙasa.

"Sannu da hanya, Mama."

"Riƙe sannunka. Ina yarinyar? Na ba ku guda, kun mayar min da kabari. Wannan ba za ta girma a hannun wanda ko sunansa da kyar yake rubutawa ba."

Azumi ta fito da Hindatu a goye, hawaye na zuba, tana duban ƙaninta.

"Azumi, koma ciki," in ji shi. Ya juyo ga Mama Hannah, kansa na sunkuye. "Mama, ki zage ni, ki mare ni, uwata ce ke. Tukwanen Alice da akwatinta ga su can, ki kwashe. Hindatu dai a gidan ubanta za ta yi haƙori."

"Zan kai ka gaban Sarki!"

"Zan riga ki isa."

Ta dire ƙwaryar, ta zauna a kan turmi, ta ce ba inda za ta sai da jikarta. Shi kuwa ya koma tabarma, ya zura zare, ya ɗauki gidan zuciyar nan ya ci gaba da haɗa shi da na kusa. Allura ta shiga nan, ta ɓullo can nesa. Ƙyalle ya tattare. Mama Hannah, wadda ita ke ɗinka wa matan cocinsu kayan biki, ta kau da kai. Ta sake dubawa. Ta ciji leɓe.

"Kai! Wannan ɗinki ne ko sawun kaza?"

"Iya abin da na iya ke nan, Mama."

"Kawo nan, kada ka kashe min ido!"

Ta fizge, ta sa haƙori ta tsinke zaren, ta warware ɓarnar tas. Sai ta juya bayan ƙyallen. Ga ɗinkin Alice, ƙanana a jere kamar ƙwayar acca, yadda ta koya mata tun tana 'yar mitsitsiya. Ta bi shi da ɗan yatsa har inda ya tsaya.

"Ina ɗaya rabin?"

"Ke ta bar wa. Lokacin tana da ciki ta aika a roƙo mata ƙyalle daga zaninki, kika ce ko zarenki ba zai kwana a gidan nan ba. Na ce ta sa wani, ga ƙyallaye nan birjik. Ta ce a'a, 'yarta ba za ta lulluɓa da gida ɗaya ba. Kullum sai ta ce, bari dai, Mama za ta huce."

Kukan da Mama Hannah ta hana kanta a gindin ɗorawa, ranar ya ƙwace mata. Ta yi mai isarta, Kawu Audi na ta "Haƙuri, haƙuri," yana neman inda zai sa idonsa. Sannan ta kama bakin shuɗin zaninta, ƙeeet! Ta yanke shi daidai da rabin, ta lanƙwasa gefen, ta haɗa tsinin ƙasa da tsini don kada zuciyar ta karkace. Tana cikin ɗinki Hindatu ta rarrafo ta kama mata ƙafa. Ta ɗauke ta ta ɗora a cinya, allura ba ta tsaya ba.

La'asar ta yi kafin ta ƙulle zare.

"Bargon nan da saura," ta ce tana share ido. "Kuma ba zan bar shi a hannunka ka lalata ba. Duk ranar kasuwar Karshi zan biyo."

"To yarinyar fa?" in ji Kawu.

"Yarinyar tana gidan ubanta. Kai tsoho, wa ya sa da kai? Amma ni Christiana zan riƙa kiran ta."

"Za ta amsa duka biyun, Mama," Yamusa ya ce.

Jama'a, haƙuri ba shi ne mutum ya saki abin da Allah ya damƙa masa don a zauna lafiya ba. Ka durƙusa wa babba, ka tausasa harshe, amma ka riƙe amanarka gam. Wanda ya yi haka, ko zuciyar da ta yi tauri sai ta sauko ta same shi.

Abu ɗaya ya rage. Yamusa ya iya ɗinki sarai, Alice ta koya masa, har gidaje biyun da Mama Hannah ta fi yabawa a bargon daga baya aikinsa ne. Alice ɗin ce kuma ta taɓa ce masa, tana dariya, Mamanta za ta iya jure komai ban da karkataccen ɗinki. Shi ya sa ranar nan da gangan ya karkata shi. Yakan tuna dariyar nan in yana kaɗa Hindatu, sai idonsa ya cika. Har yau bai faɗa wa kowa ba.