Tsintsiya a Hawan Dschang

"Ki wuce shi na ce!"

Muryar Yaya Ekwalla ce ta fashe a cikin wayar oba-oba, har sai da Endale ta janye ta daga kunnenta.

"Yaya, motarsa ta mutu a tsakiyar kwana..."

"Shi ma ya bi ta mana! Ki taka mota ki same mu a sama, ko kuwa yau ki yi sallama da makullin nan!"

Ƙit, ya kashe.

Endale ta bi sitiyarin da kallo, idonta ya ciko. Jar motar nan mai ƙofa biyu ita ce kaɗai abin da ya rage mata mai ƙamshin Baba. A cinyarsa ta fara riƙe wannan sitiyari. Da ya rasu komai ya koma hannun yayanta, har shugabancin ƙungiyar masu motocin tsere da Baban ya kafa a Duwala. Ya bar mata motar bisa sharaɗi guda: ko gaisuwa kada ta sake haɗa ta da tsohon saurayinta Dongmo.

Ga shi yau, don ya wulaƙanta ta, ya maida ita motar ƙarshe a jerin motocin ƙungiyar da ke hawan dutsen Dschang, wadda suke kira tsintsiya. Mugunta ta mantar da shi dokar Baba: tsintsiya ba ta barin kowa a hanya.

Ta buɗe ƙofa ta fito. Gajimare ya sauko ya kwanta a kan titi, sanyi na ratsa ƙashi, ga dutse a dama, ga rami a hagu wanda ba a ganin ƙarshensa. Dongmo na tsaye gefen baƙar motarsa, baƙin mai na tsiyaya daga ƙasan injin yana bin gangara.

Ko kallonta bai yi ba.

"Gimbiya, hanya a buɗe take. Wuce abinki."

"Kada ka ɗauka don kai na tsaya. Ko kare ne a motar nan sai na tsaya."

"Na gode. Karen ya ce ba ya so."

"Makaho kawai! Dutse kamar turmi a tsakiyar titi, ka rufe ido ka hau?"

"Eh, na hau. Motarki ce?"

Ta cije leɓe. Abin haushin, ta san ba laifinsa ba ne. Al'adarsu ce a hawan dutse, duk wanda ya ga rami ko dutse ya ƙyafta fitilun baya sau biyu, na bayansa ya karɓa ya miƙa, har saƙon ya iso ƙarshe. Da idonta ta hango fitilu na ƙyaftawa a kwanar sama, ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Dikongue, wanda ke gaban Dongmo, sai shiru. Dikongue kuwa abokin Yaya ne, kuma tun bara yake zarya gidansu da turare da murmushin da bai kai ciki ba.

Ta buɗe but ɗin motarta ta ciro igiyar ja, ta wurga masa a ƙirji.

"Ɗaura!"

"Ba na karɓar sadaka daga gidanku. Na ƙoshi da karamcinku tun ranar nan."

"Au, kai ne ma mai bakin magana? Kai da ka tafi ko waiwaye babu? Na kira ka har yatsuna suka gaji!"

Sai a lokacin ya juyo, idanunsa jajir.

"Kawunnaina, Endale... Tsofaffi! Tun daga Dschang suka kwana a hanya, da akuya da jarkokin manja, don su ƙwanƙwasa ƙofarku su nemi aurenki. Yayanki ya bar su a bakin get, rana na dukansu. Ya aiko maigadi ya ce musu gidan ba kasuwa ba ne, 'yan kan dutse su koma kan dutsensu!"

"Yaya ne ya faɗa, ba ni ba!"

"Kina taga."

Ya matso kusa da ita, ya ci gaba.

"Na gan ki a tagar bene, kin ɗaga labule. Kawu Tsafack ya ce min, ɗana, in tana sonka za ta sauko. Muka jira. Har inuwa ta juya muna jira..."

"Tsoro na ji," ta faɗa da ƙyar.

"To yanzu ma ji tsoron. Shiga motar Babanki ki tafi, kafin a ƙwace miki abin wasanki."

Maganar ta soke ta har zuci. Ta juya a fusace za ta koma mota, sai idonta ya sauka a kan titi. Ga sawun tayarsa nan baƙi ƙirin. Ya fara kaucewa dama, inda akwai fili, sannan ya dawo da gangan ya miƙe kan dutsen.

Ta juyo ta dube shi.

"Dongmo... ka ga dutsen nan. Ka kauce, ka dawo. Me ya sa?"

"Hannuna ne ya zame."

"Ƙarya kake! Hannunka bai taɓa zamewa ba!"

Ya kau da kai, muryarsa ta yi ƙasa.

"Kin matso ni da yawa, kullum sai na ce ki daina. Da na kauce, ke za ki same shi. Ke kuma hagu kike kaucewa in kin firgita."

Ta dubi hagu, inda gajimare ke yawo a bakin ramin. Mutumin da ta kwana tana tsine wa, ashe har yanzu ya san ta fiye da yadda ta san kanta.

"Wawa," ta ce, hawaye na zuba. "Wawan banza... Ɗaura igiyar nan kafin in shaƙe ka da ita!"

Wannan karon ya ɗaura.

Haka suka hau, tsohuwar jar mota na nishi, kwana bayan kwana, baƙar na biye da ita a igiya. A sama 'yan ƙungiya sun jera motoci suna ta hotuna, ana cin gasasshiyar agada. Suna hango su hira ta mutu.

Dikongue ya taho da murmushinsa. "Sannu ƙanwata, kin sha wahalar jan kaya..."

"Fitilunka sun mutu ne, ko zuciyarka? Na gan ka! Kowa ya ƙyafta, kai ka yi shiru. Da ni na faɗa ramin nan, da wa za ka kai wa turaren?"

Ya daskare da agada a hannu. Masu hoto suka sauke wayoyinsu.

Yaya Ekwalla ya ratso mutane ya miƙa tafin hannu.

"Kwance igiyar, ko ki ba ni makulli. Zaɓi ɗaya!"

Endale ta shafa rufin motar, a hankali, kamar mai shafa kan yaro. Wayyo, ya yi mata ciwo! Ta sunkuya ta sumbaci ƙarfen, sannan ta ajiye makullin a hannun yayanta.

"Ga motar Baba, Yaya. Dokarsa kuma na riƙe, tunda kai ba ka so."

"In kin bi shi, babu ke babu gida!"

Ta ɗaga hannu ta tsayar da ɗan acaɓa, ta dubi Dongmo.

"Hau mu je."

"Ina?"

"Gidan Kawu Tsafack. Kuma kada ka ce a buɗe min. Ni ma zan tsaya a rana."

"Enda... zuciyata, ina kika ga rana a garin nan? Ruwa ma za a yi."

"To in tsaya a ruwan!"

Masu motocin tsere biyu a bayan acaɓa ɗaya, abin dariya, amma babu wanda ya yi dariya.

Ruwan kuwa ya sauko. Ta tsaya a ƙofar gidan, takalmi cikin jar laka, jikinta na rawa. Ko ƙwanƙwasawa ba ta yi ba ƙofar ta buɗe. Tsoho ne da sanda, ya ƙura mata ido har ya gane fuskar da ya taɓa gani a bayan labule.

Ta durƙusa a cikin lakar.

"Kawu, na sauko... Na makara, amma na sauko."

Tsohon ya dubi Dongmo, ya dube ta. Sai ya matsa gefe ya bar mata hanya.

"Tashi ki shigo, 'yata. Mu 'yan kan dutse ba ma barin baƙo a waje."