Yarima da Dutsen Iyaka

A can zamanin da, a ƙasar Isra'ila, wani azzalumin sarki ya rasu ya bar ɗa guda. Al'adarsu ita ce magaji ya hau alfadarin ubansa zuwa bakin marmaro, inda annabi zai zuba masa mai a ka. In ƙafarsa ta taɓa ƙasa a hanya, sarauta ta kuɓuce masa.

Fadawa suka ce, "Ranka ya daɗe, kome ka gani, kada ka sauka."

Suna cikin tafiya, sai wata tsohuwa ta tare hanya. Ta ce, "Ɗana, ubanka ya gusar da dutsen iyakata, ya haɗe gonar inabina da tasa. Ba mai ikon mayar da shi sai jinin sarki."

Fadawa suka ce, "Kada ka sauka. Iya, bari sai mun dawo."

Ta ce, "Abin da nake ji ke nan tun gashina yana baƙi."

Yarima ya dubi dutsen a gefen hanya. Can sai ya sauka, ya mirgina dutsen har mazauninsa na fari. Fadawa suka watse suka bar shi.

Yana share gumi, sai ga annabi tafe da ƙahon mai a hannu.

Yarima ya ce, "Baba, ai na sauka."

Annabi ya ce, "Na gani. Ina bakin marmaro Ubangiji ya ce mini in zo nan. Durƙusa."