Daga Hagu Ake Farawa

Da hantsi Malam Mukhtaru ya buɗe akwatinsa, ya ɗora yatsa a kan ramin farko, ya ji ba haka ya bar shi ba. Idonsa ya daɗe da tafiya, amma yatsunsa ba su taɓa yi masa ƙarya ba. Ya bi sulallan Girka na dā ɗaya bayan ɗaya, sai ya ƙwala wa 'yarsa kira.

"Sa'adiya! An zubar da su an mayar. Kuma na Sisili, mai kifaye huɗu, babu."

Kafin azahar Talal, ƙanenta, ya riga ya yanke hukunci. "Halas, magana ta ƙare, Ɗaso ce ke share ɗakin. A kira shurɗa."

Ɗaso 'yar Cadi ce, ta tsufa tana aiki a gidan nan na unguwar Mansur, kuma ikamarta, takardar izinin zama a ƙasar, ta ƙare. In 'yan sanda suka zo, ko ba ta ɗauki komai ba jirgi za a sa ta, ta bar jikokinta a unguwar Nakkasa. Ran Sa'adiya ya ɓaci. Ta ce ba mai kiran kowa sai ta gama dubawa, kuma mutanen gidan sun san in ta kafe ba ta lanƙwasuwa.

Ta zauna gaban akwatin. Tun da mahaifinta ya makance ita ke karanta masa littattafan masu tara sulalla, don haka ta san tsarin. Ba bin shekaru ake ba, kewaya Bahar Rum ake: a fara daga Sifaniya, a bi Italiya da Sisili, a ratsa Makidoniya da Atina, a shiga Asiya Ƙarama da Sham, a sauko Masar, a ƙare a Kartaj. Ta duba ta ga ɓarawon bai kuskure ko gari ɗaya ba. Sai dai Sifaniya tana can hannun dama.

Mutum uku suka shiga ɗakin jiya. Ta fara da Ɗaso.

"Inna, dubi nan. Jerin daidai yake?"

"Wane jeri, 'yar nan? Ni dai na ga mujiya na ga doki."

Sai Usaini, abokin mahaifinta, dillalin tsofaffin kaya a unguwar Kudai. Ko zama bai yi ba ya ce, "Wa ya juya shi? Tsarin littattafan Turawa ne, daga hagu ake farawa."

Ta sallame shi, ta kira Talal. Ya shigo yana danna waya.

"Duba mini, ko an hargitsa jerin?"

Ya leƙa, ya kai yatsa hannun dama. "Mazbut. Sifaniya mai doki, Italiya mai sa, nan ne wurin Sisili, sai Makidoniya. Ba abin da ya taɓu."

"Yaushe ka taɓa ganin cikin akwatin nan?"

"Ban taɓa ba. Baba ba ya bari."

"To ina ka san jerin?"

"Muna yara yana miƙo mana ɗaya-ɗaya, muna haddacewa. Kin manta?"

"Ban manta ba." Ta rufe ƙofa. "Wanda ya zubar da su ya san jerin, Inna kuwa ba ta sani ba. Kawu Usaini ya sani, amma hannunsa ba zai fara daga dama ba. Saura wanda ya haddace jerin da ka, bai taɓa ganin yadda suke kwance ba, kuma duk karatunsa na Larabci ne, daga dama yake farawa. Ka duba yanzu ka ce mazbut, don kai ka jera su."

Talal ya sa wayar a aljihu. Can ya ce sulen yana cikin mota, wani a Jidda ya yi masa tayi.

Malam Mukhtaru, da ke jingine yana jin komai, bai ɗaga murya ba. "Sulen bai dame ni ba. Je ka wurin matar da ka so a kora."

Suka same ta a madafa, ta riga ta ƙulle kayanta a zane. Talal ya durƙusa yana ba ta haƙuri. Ta daɗe tana kallonsa, hawaye na bin fuskarta.

"Ranar da mahaifiyarka ta rasu, a bayana ka kwana," in ji ta. "Na yafe maka. Amma ba zan ƙara share ɗaki a gidan nan ba."

Ta ɗauki ƙullinta. Sa'adiya ta bi ta har bakin titi tana roƙo, ba ta waiwayo ba.