Hayaƙin da Ya Tsallake Katanga

Baban Hanifa yana gina shaguna a ƙofar gidansu, a unguwar Kilomita Biyar. Ɗaya daga ciki na Mama ne, a nan za ta riƙa ɗinki. Hanifa sai murna take yi. Kullum ta dawo daga makaranta sai ta leƙa ta ga inda aiki ya kai.

Wata ranar Asabar magina suka tashi da wuri. Suka bar wurin kaca-kaca da buhunan siminti da ledoji da guntayen roba.

Baba ya ce, "Uwata, tattara min waɗannan wuri ɗaya. Gobe mai kura zai zo ya kwashe. Amma ki yayyafa ruwa kafin ki yi shara."

"To, Baba."

Baba ya tafi kasuwa sayen ƙusa. Mama kuma tana cikin gida tana girki.

Hanifa ta ga ɗibar ruwa zai ɓata mata lokaci. Ta kama shara haka nan. Ƙurar siminti ta tashi, har gashin idonta ya yi fari. Da ta tara sharar, sai wata dabara ta faɗo mata.

"Me zai sa a jira gobe? In na ƙona ta, Baba zai dawo ya ga wuri fes."

Ta ɗauko ashana a ɓoye, ta ƙyasta.

Nan da nan baƙin hayaƙi mai wari ya turnuƙe. Iska ta kwashe shi, ya tsallake katanga, ya shiga gidan maƙwabciyarsu Kaka Kubura. Ita ke riƙon jikanta Haris, ƙaramin yaro mai ciwon asma. Hanifa tana son Haris ƙwarai. Ita ce ma ta koya masa ƙirga.

Sai ga Kaka Kubura ta fito a guje, rungume da yaron. Yana tari, numfashinsa yana fita da ƙyar.

"Wayyo Allah! Wa ya kunna wuta? Ku tsayar min da mai babur!"

Mama ta fito ta sheƙa wa wutar ruwa. Ta bi Kaka, suka tafi asibiti. Hanifa ta zauna a kan bulo tana kuka.

A nan Baba ya same ta. Bai ɗaga murya ba.

"Ke kika ƙona?"

"Ni ce, Baba. So nake in burge ka."

"Na sani, Uwata. Amma filin nan kaɗai ne namu. Iskar da ke kansa ta kowa ce. Abin da kika zuba a cikinta, shi Haris ya shaƙa."

"Zai warke, Baba?"

"In sha Allah. Tashi mu yi masa addu'a."

Da yamma aka dawo da Haris, ya samu sauƙi. Hanifa ta shiga gidan, ta durƙusa.

"Kaka, ki yafe min."

Tsohuwar ta jawo ta jikinta. "Na yafe, jikata. Kin ba ni tsoro dai. Kar ki ƙara." Ta share mata hawaye da bakin zane. Haris ya miƙa wa Hanifa guntun makala, wani irin fanke, da yake ci.

Tun daga ranar, Hanifa ba ta shara sai ta yayyafa ruwa.

Bayan an gama gini, makanike ya zo ajiye janareta a jikin katangar. Hanifa ta ja rigar Baba.

"Baba, tagar ɗakin su Haris fa tana nan. Hayaƙin zai shiga."

Baba ya duba, ya ga haka ne. "Ni kaina ban lura ba. Malam, mu mai da shi can baya, inda babu tagar kowa."

Kaka Kubura tana jin su daga ƙofarta. Ta ce da yaren Sango, "Singila mingi." Hanifa ta san godiya ce mai yawa, ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Ranar da aka buɗe shagon Mama, rigar Haris aka fara ɗinkawa. Ya saka ta yana ta guje-guje, ko tari bai yi ba.

Yara, mu ji maganar iyayenmu. Kada mu ƙona leda ko roba, kada mu tayar da ƙura. Iskar da muke shaƙa ita maƙwabtanmu suke shaƙa, sai mu kiyaye ta tare.